Baba Agogo na Ƙofar Tiyata

Har ya koma ga Mahaliccinsa, Baba Agogo bai taɓa mallakar agogo ba. Ko irin na roba da ake shanyawa a bakin titi bai taɓa saya ba. Amma duk faɗin asibitin nan babu hannun da ya ɗaura agogo masu tsada kamar nasa. Allah ya jiƙansa, shi da bakinsa yakan ce, "Ni attajiri ne daga safe zuwa yamma. In an tashi aiki ne kawai nake komawa talaka."

Aikinsa tura gado. Shi ke zuwa ɗakin marasa lafiya ya ɗauko wanda za a yi wa aiki, ya turo shi a gado mai taya ta doguwar baranda, har bakin jan layin da aka zana a ƙofar ɗakin tiyata. Nan ce iyakarsa. Daga layin zuwa ciki na masu koren kaya ne. In an gama a turo masa mutum yana barci, ya mayar da shi inda ya ɗauko shi. Da shara ya fara tun yana saurayi, aka dubi ƙirjinsa aka ce asara ce a bar wannan da tsintsiya. Ƙato ne, hannuwansa kamar an sassaƙo su daga kututture, amma in yana tura gado ko kofin ruwa ka ɗora a kai ba zai zube ba. Ya san kowane rami a simintin barandar, yakan kauce musu ba tare da ya dubi ƙasa ba.

Dokar tiyata ce likita ba ya shiga da komai a hannu. Zobe, awarwaro, agogo, duk sai an cire kafin a je famfo a wanke hannu har gwiwa. Su kuwa likitocin wurin, Allah ya jarabce su da son agogo. Ba laifinsu ba ne. Babba da ƙarami kaya iri ɗaya suke sawa, koren riga, koren wando, hular takarda da takalmin roba. To ina mutum zai nuna wa ɗan'uwansa cewa ya ci gaba? Sai a wuyan hannu.

Akwai loka, akwatunan ƙarfe na ajiya, a ɗakin canja kaya, sai dai rabinsu makullan sun ɓace, sauran kuma kowane makulli buɗe su yake yi. Wani likita ya taɓa dabarar barin nasa a aljihun riga, aka kwashe rigar aka kai wanki. Agogon ya fito daga inji fes, yana ƙamshin sabulu, amma bai sake motsi ba.

Abin ya fara ne da Farfesa, babban likitan tiyatar, tun bai zama Farfesa ba. An kira shi da gaggawa, ya zo da gudu, sai da ya buɗe famfo ya ga agogo a hannunsa. Ya waiga, babu kowa kusa sai Baba riƙe da gado.

"Riƙe min."

"Ranka ya daɗe, hannuwana biyu duk suna aiki."

Farfesa bai tsaya magana ba, ya ɗaura masa a wuyan hannu, ya ja maɗaurin fatar har ramin ƙarshe, ya shige. Agogon nan tsoho ne, tun yana karatu ya saye shi. Ba ya amfani da batir, motsin hannu ke ba shi rai, kuma tsufa ya sa ba ya jure zama. In aka ajiye shi aka daɗe a tiyata sai a fito a tarar ya yi fushi ya tsaya. Ranar da Farfesa ya fito ya same shi yana tafiya daram, don Baba ya yini yana kai da kawo da shi, sai ya kara shi a kunne, ya dubi Baba sama da ƙasa, ya ce, "Gobe ma."

Kafin shekara ta zagayo, kowane likita ya ce gobe ma. Sunan yanka ya ɓace, sai Baba Agogo.

Ya raɗa wa kowane agogo suna. Na Farfesa shi ne Dattijo. Na likitan ƙashi, wani jibgegen zinariya mai maɗaurin ƙarfe, shi ne Tubali. Akwai na wani ƙaramin likita, baƙi mai ƙananan da'irori a fuska, wanda mai shi ke cewa ko ƙasan teku aka shiga da shi ba zai ji komai ba. Baba ya sa masa Mai Ninƙaya, ya kuma tambayi likitan ko ya iya ruwa. Bai iya ba. Sai na Likitar Barci, matar da ke yi wa marasa lafiya allura su yi barci kafin a fara aiki. Nata siriri ne kamar zare, shi ne 'Yar Lele. Shi kaɗai ne bai taɓa zagaye hannun Baba ba. Sun gwada tun ranar farko, bakin maɗaurin biyu ko gaisawa ba su yi ba, ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Shi ya sa yake maƙale shi da fil a cikin aljihun ƙirji.

Likitocin ba sa yabon agogon juna a fili. Kowa sai dai ya saci kallo. Amma wajen Baba kunya takan kau.

"Baba, tsakaninka da Allah," in ji likitan ƙashi, "wanne ya fi nauyi a cikinsu?"

"Naka, Likita. In na ɗaura shi gado karkata yake yi hagu."

Ƙaramin likita kuma in ya miƙa Mai Ninƙaya sai ya yi ƙasa da murya. "Baba, ka ɗan sa shi a gaba, inda ake gani."

"Gaba wurin Dattijo ne, ɗana. Ka jira naka ya yi furfura."

Abin dariyar shi ne, da duk dukiyar nan a jikinsa, Baba ba ya iya faɗa maka lokaci. Yawancinsu ba su da lamba a fuska, sai 'yan sanduna, kuma ba su taɓa yarda da juna ba. In ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya ɗaga hannu biyu ya duba da kyau, sannan ya ce, "Manya ba su daidaita ba tukuna. Dubi na bango."

Mutum ɗaya ce ba ta son wannan al'amari, Babbar Nas. Shekara da shekaru tana cewa ba tsari ba ne, asibiti ba kasuwa ba ce, kuma ranar da ɗaya ya fashe kada wanda ya kira sunanta. Baba yakan ce, "Gaskiyarki, ranki ya daɗe," ya ja hannun rigarsa ya rufe su. Tana juya baya ya sake naɗewa.

Ba don ado kawai yake buɗe su ba. Mutum in an kwantar da shi a gado ana tura shi tiyata, babu abin da yake gani sai silin yana wucewa, kuma tsoro a barandar nan yake kama mutane. Wata tsohuwa ta taɓa riƙe ƙarfen gado ta ce ita a mayar da ita, ta fasa. Baba ya tsaya, ya kwance Dattijo, ya juya mata bayansa na gilashi inda ake ganin ƙananan tayoyi suna rawa.

"Iya, kin ga wannan? Na wanda zai yi miki aiki ne. Ya fi ɗanki na fari shekaru, bai taɓa ɓata masa ko ƙusa ɗaya ba. Mutumin da ya riƙe wannan ɗan abu haka, ke ce za ki gagare shi?"

Ta karɓa ta kara a kunne, ta saurara har suka iso jan layi.

Da yake ba ya iya tafiya gida da kayan mutane, kullum shi ne na ƙarshen tashi. Nan ya koyi karanta likitoci ta yadda suke karɓar agogonsu. Ya koya wa amininsa Mai Jiniya, direban motar asibiti, wanda suke shan shayi tare a ƙarƙashin matakala. "In ya karɓa ya ɗaura yana surutu, an yi nasara. In ya jefa a aljihu bai duba ba, kada ka gaishe shi, ka ba shi hanya."

Su biyun nan ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Attajirin aro, an fito?"

"An fito, mai kuka a titi. Yau mutum nawa ka firgita?"

A gida ma bai tsira ba. Matarsa, Maman Auta, takan kama hannunsa ta nuna wa 'yarsu sawun maɗauri a fatarsa. "Auta, zo ki gani. Mazan mutane suna dawowa da agogo, nawa da tabon agogo yake dawowa." Shi kuwa ya yi ta murmushi yana shafa wurin. Babu abin da yake ji da shi a duniya, bayan su biyun, kamar ƙofar nan. Ba a ƙara masa ko kwabo a kai ba. Amma a asibitin da ake kiran irinsu da "kai, zo nan", shi manyan likitoci sukan tsaya su jira shi, su miƙa masa abin da ba za su bar wa ƙaninsu ba, su shige ba tare da sun waiwayo ba.

Dattijo ne ya fara gaya masa. Wata safiya Farfesa ya miƙa, Baba ya ja maɗaurin, sai ya wuce ramin ƙarshe ya shiga na gaba da shi. Ya ɗauka fatar ce ta saki. Bayan wasu makonni Tubali, wanda da yake zama daram kamar an gina shi a wurin, ya fara gangarowa yana dukan bayan hannunsa. A lokacin abinci ya riga ya daina yi masa daɗi. Loma kaɗan sai ya ji ciki ya cika, wani abu yana tokare masa a gefe.

Ya san abin da ya kamata ya yi, ba yaro ba ne. Amma ya ga yadda aka yi da wani abokin aikinsu da ya kwanta ciwo: kafin ya tashi an ba wani gadonsa, aka ce ya je gida ya huta. Ga shi kuma ofis sun ce za a kawo sababbin loka masu lamba, waɗanda ba sa buƙatar makulli. Baba ya yi lissafinsa. In ya bar ƙofar nan ko na wata guda ne, likitoci za su saba da ƙarfe, kuma ƙarfe ba ya rashin lafiya. Sai ya samo bandeji ya naɗe damatsan hannunsa da shi, ya sauke hannun riga har ƙasa, agogo suka koma suka zauna a kan bandeji kamar da.

Mai Jiniya ne kawai ya sani, don shi ke ganin burodin da ake bari a ƙarƙashin matakala.

"Mutumina, kai wane irin mutum ne? Ni ina ɗauko mutane daga wata uwa duniya don su ga likitocin nan, kai kuma kana tsakiyarsu kana ɓuya."

"Zafi ne ya hana ni ci."

"Zafin gidanku. Wandonka ma igiya ka ƙara masa, ina gani."

"To tun da ganinka ya yi yawa, ka ga wannan ma: in ka faɗa, ni da kai sai a lahira."

Mai Jiniya bai faɗa wa kowa ba. Har yau yana cewa da ya sani da ya zaɓi fushin.

Bandeji ya rufe asiri har ranar da aka yi haɗari a babban titi, aka cika barandar da gadaje. Likitoci suna ta shigewa da gudu, kowa na cusa masa nasa. Likitar Barci ta zo ƙarshe, ta danƙa masa 'Yar Lele ba ta ko tsaya ba. Baba ya laluba aljihu, fil ya faɗi wani wuri, ga gado yana jiransa, ga nas tana kira. Hannu ya yi abin da ya saba. Ya zagaya shi a wuyan hannu, can ƙasa inda bandeji bai kai ba, ya danna, ya ji ƙas, ya kama gado ya wuce. Ko a ransa bai kawo komai ba.

Sai da rana ta yi sanyi ta fito, ta sauke takunkumi, ta miƙa hannu wajen aljihunsa yadda ta saba. Shi kuma ya miƙo mata hannu. Ta dubi agogonta zagaye da hannun Baba, har da sauran wuri. Ba ta karɓa ba.

"Baba, yaushe 'Yar Lele ta yi girma?"

Nan ya sha jinin jikinsa. Ya so ya janye, ta riƙe. Ta tura hannun rigar sama.

"Wannan fa?"

"Ado ne, Likita. Yanzu shi ake yayi."

Ta kama bakin bandejin ta shiga warwarewa, a nan tsakiyar baranda. Da ta gama ta ɗaga hannun nasa sama, sai Tubali da Mai Ninƙaya suka sulale har gwiwa suna karo da juna.

"'Yata," ya ce a hankali, "ki rufa min asiri. In ofis suka ji, ɗauke ni za su yi daga ƙofar nan."

"Na ji. Amma yanzu sikeli za ka hau."

"Akwai gado biyu da ban mayar ba."

"Su ma barci suke yi, ni na sa su. Mu je."

Aka auna, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki. Ƙari ne a hanji, kuma ya daɗe. Farfesa ya kira shi ofishinsa, wanda Baba bai taɓa zama a cikinsa ba, ya nuna masa kujera. Ya daɗe yana kallon hoton kafin ya juyo.

"Baba, shekara nawa ina ba ka amanar agogona?"

"Da yawa, ranka ya daɗe."

"Kai kuma ka kasa ba ni amanar cikinka."

Baba ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "In an yi aikin, zan koma ƙofa?"

"Ka fara fitowa tukuna."

"To ranar, wa zai riƙe muku?"

Farfesa ya cire tabarau ya murje ido. "Za a buɗe cikin mutum, shi kuma agogo yake tambaya. Tashi ka ba ni wuri."

Ranar aikin Mai Jiniya ya ce babu wanda zai tura mutuminsa sai shi. Ashe tuƙin mota daban, tuƙin gado daban. Babu ramin da bai faɗa ba a barandar nan. Baba yana kwance cikin rigar marasa lafiya, idonsa a silin, yana ba da umarni.

"Hagu. Na ce hagu, akwai rami a gaban tagar nan. To ka faɗa. Wa ya ba ka lasin ne?"

"Yi shiru, fasinja ba ya magana."

"In haka kake tuƙi, ashe jiniyar neman gafara ce."

Maman Auta tana biye da su, tana dariya tana share ido da gefen mayafi. A bakin jan layi suka tarar da likitoci. Sababbin lokan sun iso a makon nan, suna jere a ɗakin canja kaya suna ƙyalli. Farfesa ya kwance Dattijo, ya tsaya da shi a hannu, ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi Baba. Sai ya juya ya miƙa wa Maman Auta.

"Mama, yau aikin gidanku ne."

Sauran suka bi layi. Ta tara mayafi ta karɓe su kamar ƙwai. Baba ya ɗago kai da ƙyar.

"Maman Auta, wancan mai fatar ba ya son zama. Ki riƙa girgiza shi a hankali, kamar kina jijjiga jariri. Mai nauyin kuma kada ki sa shi kusa da ƙaramar, danne ta zai yi."

"Na ji, Malam. Ka je ka dawo."

Aka tura shi ya haye jan layi, karo na farko a rayuwarsa. Kafin ƙofa ta rufe an ji shi yana cewa, "Ashe haka cikin yake. To ai ba wani girma."

Maman Auta ta zauna a benci tana girgiza Dattijo. In hannu ɗaya ya gaji ta mayar ɗayan. Auta ta ce ta kawo ta karɓe ta, ta ƙi. Daga baya ta ce ba don agogon nan ba da ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba a yinin. Da ƙofa ta buɗe Farfesa ya fito, Mai Jiniya bai dubi fuskarsa ba, hannunsa ya duba, yadda aka koya masa. Farfesa ya karɓi Dattijo. Bai ɗaura ba, bai kuma jefa a aljihu ba. Ya riƙe shi a tafin hannu yana kallo. Wannan kuwa Baba bai taɓa faɗin ma'anarsa ba.

"Mun cire abin da ya ciru, Mama," ya ce. "Zai tashi, zai ci abinci, zai yi muku faɗa. Sauran na Allah ne."

Ya tashi ɗin kuwa, ya yi faɗan. Amma ƙarfin tura gado ya tafi. Ofis suka ɗauki wani a madadinsa, suka aiko a ce masa ya huta, za a shirya masa ritaya. Baba ya ce ya gode. Da ƙafarsa ta fara ɗaukarsa, ya sa aka goge masa kayan aiki, ya sa Mai Jiniya ya biyo ya ɗauke shi da safe. Rigar ta yi masa yawa kamar ta aro. Ya je ya tsaya a inda ya saba tsayawa, gefen jan layi, ya jingina da bango, ya naɗe hannun riga. Daga wurin yana jin ƙarar sababbin lokan, ana danna lamba suna buɗewa.

Ƙaramin likita ya fito daga ɗakin canja kaya, hannunsa babu komai. Ya gaishe shi da fara'a, ya yi masa ya jiki, ya wuce famfo. Wani ma ya fito haka. Baba ya fara sauke hannun rigarsa a hankali.

Sai ga Babbar Nas. Ta tsaya ta dube shi ta saman tabarau, ta juya ta tafi. Jim kaɗan aka ji ana jan abu a siminti. Kujerar ofishinta ce, mai hannu da katifa. Ta dire ta a gefen layi.

"Kada ka tsaya min a hanya kamar sanda. Zauna."

"Ranki ya daɗe, ai kin ce ba tsari ba ne."

"Har yanzu ba tsari ba ne. Zauna na ce."

Ta zare zobenta, wanda a da take ɗaurewa a bakin hankici, ta sa masa a tafin hannu ta wuce. Bai gama rufe baki ba Farfesa ya iso. Ko kallon ɗakin loka bai yi ba. Ya kwance Dattijo ya ɗaura masa da kansa, kamar ranar farko, sai dai yanzu a ramin da ya fi kowanne matsewa.

"Na manta lambar lokata," ya ce.

Likitan ƙashi, da ke bayansa, ya ce shi ma wallahi lambar ta shige masa. Likitar Barci ta ce ita tun farko ba ta gane yadda ake danna abin ba. Ƙaramin likita ya baro famfo da kumfa a hannu, ya koma ɗaki, ya dawo da Mai Ninƙaya. Da mutumin ofis ya zo yana tambayar me mai ritaya yake yi a nan, Babbar Nas ta ce masa marasa lafiya suna tsorata a wurin nan kuma shi ke yi musu magana, in yana da wanda ya fi shi iyawa ya kawo. Bai kawo ba.

Haka ya samu ƙofarsa. Ya yi watanni a kujerar nan, kuma duk wanda ya san shi zai ce maka bai taɓa ganinsa cikin nishaɗi kamar lokacin ba. Yanzu duk agogon a hannu ɗaya suke shiga, har da 'Yar Lele, ya ce ya samu ragin aiki. Ya koya wa sabon mai tura gado inda ramuka suke. Duk gadon da ya iso sai an tsaya a gabansa, ya kara wa mai shi Dattijo a kunne. Tsakanin gado da gado kuma yana lilo da hannunsa a gefen kujera, don kada tsohon ya yi fushi. Mai Jiniya ya mayar da shayinsu nan, ya ce attajiri ba ya shan shayi a ƙarƙashin matakala.

Wata rana aiki ya yi tsawo. Farfesa ya fito ya tarar Baba ya yi barci a zaune, hannunsa a cinya. Ya durƙusa zai kwance agogon a hankali, Baba ya farka. Shi ya fara dubawa. Ƙaramin hannun nan mai gudu yana tsaye cak.

"Ya tsaya, ranka ya daɗe. Barci ya sace ni."

"Ƙyale shi, Baba. Shi ma ya tsufa, ya ɗan huta."

Baba ya girgiza hannu da ɗan ƙarfin da ya rage masa har agogon ya farka, sannan ya yarda aka kwance. "Ba na mayar da kayan mutane a mace," ya ce.

Bai ƙara mako biyu a ƙofar ba. Ya rasu a gida da hantsi, kansa a cinyar Maman Auta, Auta tana riƙe da hannun nan da ya sha ɗaukar dukiyar da ba tasa ba. Likitocin da suka je gaisuwa, Mai Jiniya ya lura, kowa ya ja hannun riga ya rufe agogonsa, kamar suna jin kunyar shigo da su gidan babu shi.

Yanzu kowa ya tuna lambar lokarsa. Kujerar tana nan, Babbar Nas ta ce ba ta da wurin sa ta a ofis, ko da yake gurbinta yana nan a buɗe. Kwanan baya Mai Jiniya ya kawo mara lafiya, ya ci karo da Farfesa a baranda, sai ya ga wani sabon agogo a hannunsa, fari, mai lamba manya-manya.

"Ranka ya daɗe, ina Dattijo?"

"Yana gida. Na gwada shi a loka, kullum na fito ya tsaya." Ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin sabon da farce. "Wannan mai batir ne. Ba ya buƙatar kowa."

Ya faɗa ne kamar wanda yake kawo ƙarar agogon, sannan ya wuce ɗakin loka.